Budurwa da Tauraro: Masu Karatu a Tarihin Labarin Soyayya

Gabatarwa

A shekara ta 2013 wata mata Ba'amurkiya mai suna Anna Todd, tana da shekara 24, ta fara rubuta wani ƙagaggen labarin soyayya a wayarta ta hannu, tana sakinsa babi-babi a wani dandalin intanet da ake kira Wattpad. Ta sa wa labarin suna *After*. Jarumarsa budurwa ce 'yar shekara 18 da ta shiga jami'a, jaruminsa kuwa an ara masa suna da kamannin wani mutum mai rai, watau Harry Styles, mawaƙin Ingila wanda a lokacin 'yan mata miliyoyi ke begensa. Kafin ƙarshen 2014 labarin ya zama littafi a kantuna, ya kuma raba kan masu karatu: wasu na kuka don daɗi, wasu na neman a hana shi fita, wasu kuwa na yi masa dariyar raini.

Mafi yawan abin da ake koyarwa da sunan tarihin adabi tarihin marubuta ne: wane ya rubuta kaza a shekara kaza. Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne tarihin ɗaya ɓangaren, watau mai karatu, da abin da ya yi da littafi bayan ya shiga hannunsa. Batun yana da muhimmanci ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya, domin shugaban makarantar da ya ƙwace littafi daga akwatin ɗaliba, da jami'in da ya zaɓi littattafan laburare, da hukumar da ta tace abin da za a buga, dukansu suna aiki ne bisa wani zato game da abin da karatu ke yi wa zuciyar yarinya. Shi wannan zato yana da tarihi, ya kuma girmi kakannin masu riƙe da shi.

Mafari: rikicin Pamela, 1740

A watan Nuwamba na 1740 wani mai maɗaba'a a Landan, Samuel Richardson, ya fitar da littafi mai suna *Pamela*. Labari ne na wata 'yar aiki mai shekara 15, wadda maigidanta, wani attajiri mai filaye, ya neme ta da lalata, ya tsare ta, ya razana ta, ita kuwa ta tsaya kan mutuncinta har ya saduda ya aure ta. An tsara shi a matsayin wasiƙun da yarinyar ke rubuta wa iyayenta, don haka mai karatu yakan ji kamar a gabansa abin ke faruwa.

Littafin ya sami karɓuwar da ba a saba gani ba. An buga shi sau 5 cikin shekara guda. An zana al'amuransa a jikin mahutai na mata, mai zane Joseph Highmore kuma ya yi masa hotuna 12. Wani limamin coci a Landan ya yabe shi a kan mumbari. Daga baya, a 1833, masanin taurari Sir John Herschel ya ba da labarin wani ƙauye inda maƙeri ke karanta wa jama'a littafin da babbar murya. Da aka iso wurin ɗaurin auren Pamela, sai suka ruga suka kaɗa ƙararrawar coci don murna, tamkar 'yar garinsu ce ta yi aure.

Amma fa ba kowa ya yi murna ba. A watan Afrilu na 1741 Henry Fielding ya fitar da *Shamela*, inda ya mai da yarinyar makira, mai nuna kunya don ta kama babban kifi. A shekarar nan dai Eliza Haywood ta fitar da nata littafin na adawa, *Anti-Pamela*. Damuwar masu suka kashi biyu ce: cewa littafin zai koya wa 'yan aiki harin 'ya'yan iyayen gijinsu, da kuma cewa a ƙarƙashin rigar wa'azi yana tayar da sha'awar da yake ikirarin kashewa. Cocin Katolika ma ya sa shi a jerin littattafan da ya haramta a cikin shekarun 1740.

Akwai abu biyu a nan da za su sake bayyana a gaba. Na farko, wani marubuci, John Kelly, ya ɗauki mutanen labarin ya ci gaba da shi ba da iznin mai shi ba, har wannan ya tilasta wa Richardson rubuta nasa ci gaban a ƙarshen 1741. Na biyu, Richardson ya riƙa gyara littafin daga bugu zuwa bugu, yana goge kalaman Pamela da masu suka suka ce na gidadanci ne. Watau tun daga ranar farko mai karatu ya sa hannu a cikin littafin, marubuci kuma ya saurare shi.

Daga sarauta zuwa shahara: Byron

Mijin Pamela mai dukiya ne da asali, amma ba shahararre ba ne. Canjin ya zo ne a watan Maris na 1812, lokacin da wani matashin basarake mai shekara 24, Lord Byron, ya fitar da doguwar waƙarsa *Childe Harold's Pilgrimage*. Bugun farko ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Masu karatu suka ɗauka jarumin waƙar, mai baƙin ciki da girman kai da ɓoyayyen laifi, shi ne Byron kansa. Mata da yawa waɗanda ba su taɓa ganinsa ba suka riƙa rubuto masa wasiƙu, wasu ba suna, kowace na ganin ita kaɗai ta fahimci ciwon da ke ransa. Da yawa daga wasiƙun nan suna nan a ajiye har yau.

Ɗaya daga cikin masu rubuto wasiƙar ita ce Lady Caroline Lamb, matar William Lamb, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Birtaniya. Ta karanta waƙar, ta rubuta masa ba tare da bayyana sunanta ba, suka haɗu, suka yi soyayya ta 'yan watanni, ya rabu da ita. A watan Mayu na 1816, makwanni kaɗan bayan Byron ya bar Ingila barin da bai sake komawa da rai ba, ta fitar da ƙagaggen labari mai suna *Glenarvon*, game da wata matashiya da wani kyakkyawan mugu ya ruɗa. Babu wanda bai gane ko wane ne ake nufi ba. Jama'a suka yi rububin sayensa don su gano wane ne wane a ciki, masu sharhi suka ce shirme ne, manyan gidajen Landan kuwa, waɗanda ta zana matansu da ba'a, suka rufe mata ƙofa.

Wannan littafi shi ne kakan irin labarin da ake magana a kai: mai karatu ta so tauraro daga nesa, sa'an nan ta mai da shi jarumin labarinta. Haka kuma siffar Byron ta zama ƙirar da marubuta suka riƙa zuba jarumansu a ciki, watau namiji mai zafin rai da raunin ɓoye, wanda mace ɗaya tak za ta iya warkarwa. Ana ganin jininsa a jikin Heathcliff na *Wuthering Heights*, wanda Emily Brontë ta fitar a 1847, ana kuma ganinsa a jikin jarumin Anna Todd bayan shekara kusan 200.

Ƙarni na 20: matasa sun zama kasuwa

Kafin a sami labarin soyayya na matasa, sai da aka sami matasa masu lokaci da kuɗin aljihu. A Amurka wannan ya faru ne bayan makarantar sakandare ta game gari, yara suka daɗe suna karatu maimakon su tafi gona ko masana'anta. A 1942 Maureen Daly ta fitar da *Seventeenth Summer*, labarin soyayyar farko ta wata 'yar shekara 17, wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin mafarin wannan reshe na adabi. A 1944 aka fara buga mujallar *Seventeen* domin 'yan mata. A watan Oktoba na shekarar nan kuma dubban 'yan mata suka cika titunan da ke kewaye da gidan wasan Paramount a birnin New York don ganin mawaƙi Frank Sinatra, har sai da aka kira 'yan sanda. Bayan shekara 20 aka ga irinsa ga mawaƙan Beatles, inda ɗan jarida Paul Johnson ya rubuta wata maƙala mai zafi a mujallar *New Statesman* a 1964, yana kwatanta masu ihun da cewa su ne mafi ƙarancin basira a cikin tsararsu.

A wannan zamani ne masana suka fara nazarin al'amarin maimakon la'antarsa kawai. A 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka bayyana wata irin hulɗa da rediyo da talabijin suka haifar, wadda za a iya kira ƙawancen gefe guda. Mai sauraro yakan ji muryar tauraro kullum a ɗakinsa, ya san dariyarsa da ranar haihuwarsa, har ya ɗauke shi aboki, alhali shi tauraron bai san da zamansa ba. Bahaushe ya riga ya faɗi hukuncinsa a kan irin wannan, cewa son maso wani ƙoshin wahala. Sai dai ga matashiya wahalar tana da wani sauƙi: wanda ba zai taɓa zuwa ƙofar gidansu ba, ba zai kuma iya ba ta kunya ba. Labarin budurwa da tauraro ya ginu ne a kan cike wannan giɓi, domin a cikinsa tauraro yakan waiwayo daga cikin dubban fuskoki ya ga guda ɗaya.

Nazarin da ya fi tasiri game da masu karatu shi ne na Janice Radway, *Reading the Romance*, wanda ya fito a 1984. Maimakon ta zauna a ofis ta yanke hukunci daga shafukan littattafai, sai ta tafi wani gari a tsakiyar Amurka ta tambayi mata 42 masu yawan karanta labaran soyayya, yawancinsu matan aure masu 'ya'ya. Ta gano cewa ɗaukar littafin kansa wata hanya ce ta ƙwato sa'a guda daga hidimar gida. Ta kuma gano cewa matan suna da ma'auni mai tsauri: sukan yi watsi da littafin da jaruminsa ya wuce gona da iri a mugunta, ko wanda jarumarsa ta cika wauta. Radway ba ta wanke labaran ba, domin a ganinta suna lallashin mace ta haƙura da halin da take ciki maimakon ta nemi canza shi. Amma ta rushe zaton cewa mai karatu tulu ce, duk abin da aka zuba mata sai ta riƙe.

Al'amarin *After*

An kafa ƙungiyar mawaƙa samari ta One Direction a 2010, a gasar talabijin ta Birtaniya mai suna The X Factor, inda suka zo na uku. Su biyar ne, Harry Styles na cikinsu. Masoyansu suka riƙa ƙaga labarai game da su suna sakawa a intanet, musamman a Wattpad, wanda Allen Lau da Ivan Yuen suka kafa a birnin Toronto na Kanada a 2006, inda kowa ke iya rubutu da karatu kyauta. Anna Todd tana cikin masu karanta irin waɗannan labarai. Ta yi aure tana da shekara 18, mijinta soja ne da aka riƙa turawa Iraƙi, ita kuma tana zaune a Texas. Daga karatu ta koma rubutu, kamar yadda Caroline Lamb ta yi, sai dai ita ba ta taɓa hulɗa da tauraron nata ba.

A cikin labarinta Harry ba mawaƙi ba ne. Ɗalibi ne Bature ɗan Ingila, mai zane a jiki, mashayi, mai kishi da saurin fushi, wanda ke wulaƙanta jarumar, Tessa, yau, gobe ya dawo da kuka. A ƙarshen kashi na farko aka gano cewa tun asali caca ya yi da abokansa cewa zai raba ta da budurcinta. Duk da haka labarin ya ci gaba, su rabu su shirya, har ɗaruruwan babi.

Yadda aka rubuta shi ya bambanta da duk abin da ya gabata. Todd takan saki sabon babi kusan kullum, masu karatu su yi sharhi a take, ita kuma ta faɗa wa 'yan jarida cewa takan daɗe tana karanta sharhin, yana kuma shafar inda labarin zai dosa. Abin da ya ɗauki Richardson watanni tsakanin bugu da bugu, ya zama aikin dare ɗaya. Wattpad ya ƙidaya cewa an buɗe labarin fiye da sau biliyan ɗaya. Ya kamata a lura cewa ana ƙirgen ne babi-babi, don haka adadin mutanen bai kai haka ba, amma ko da an raba shi da yawan babobin, abin da ya rage jama'a ce mai yawan gaske.

A watan Oktoba na 2014 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafin ta hannun reshensa Gallery Books, bayan an canja sunan jarumin zuwa Hardin Scott. Aka fassara shi cikin harsuna fiye da 30, ya kuma yi kasuwa musamman a Faransa da Italiya da Jamus da Sifen. A nan ne masu karatu suka rabu.

Rukuni na farko su ne masoyan labarin. Hujjarsu ita ce ya nuna soyayyar ƙuruciya yadda take, da ruɗaninta da kurakuranta, kuma sun san bambancin labari da rayuwa. Wanda ya duba irin sharhin da suke yi zai ga ba yabo kaɗai ba ne: suna zagin Hardin, suna yi wa Tessa faɗa don ta koma masa, sa'an nan su nemi babi na gaba.

Rukuni na biyu su ne masu tsoro, kuma abin lura shi ne da yawansu 'yan mata ne tsararrakin na farkon. Sun ce labarin ya ɗauki alamomin zaluncin da ake gargaɗin mata a kai, watau sa ido, da kishi mai tsanani, da fashe-fashen kaya, da raba mace da ƙawayenta, ya yi musu ado ya kira su so. Yarinyar da ba ta taɓa soyayya ba, in ji su, za ta iya ɗaukar wannan a matsayin ma'auni.

Rukuni na uku sabo ne a tarihin, watau masoyan tauraron kansa. Da aka sanar a 2014 cewa kamfanin Paramount ya sayi iznin mai da labarin fim, sai suka yi gangami a Twitter suna neman a dakatar da marubuciyar, suka kuma tara sa hannu don a fasa fim ɗin. Ƙorafinsu shi ne an ɗauki sunan saurayi mai rai, wanda ba a san shi da mugun hali ba, an liƙa masa halin azzalumi, ana kuma cin riba da shi. Byron aƙalla ya san matar da ta rubuta shi, yana kuma da hannu a abin da ya faru; Styles kuwa ba shi da laifin komai sai shahara.

Rukuni na huɗu su ne masu raini, magadan Fielding, waɗanda suka tsaya kan raunin salo da maimaici, suka kuma ɗauki yawan masu karatun a matsayin shaidar lalacewar zamani.

Sukar ta yi tasiri. Da fim ɗin ya fito a watan Afrilu na 2019, a hannun wasu masu shiryawa daban, an sassauta halin Hardin, aka kuma mai da cacar ta zama alkawarin zai sa Tessa ta kamu da sonsa. Wasu masoyan littafin suka yi fushi cewa an zare wa labarin haƙora. Duk da haka fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 70, aka bi shi da wasu huɗu har zuwa 2023. Shi kuwa Wattpad, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 600. Hawayen 'yan mata da aka daɗe ana yi wa dariya ya tabbata jari ne.

Makamancinsa a ƙasar Hausa

Ɗalibin adabin Hausa ba zai ji wannan tarihi baƙo ba. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Nijeriya a 1976, ya samar da dubban matasa masu iya karatun boko. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga *So Aljannar Duniya* na Hafsat Abdulwaheed da *Mallakin Zuciyata* na Sulaiman Ibrahim Katsina. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka yi rauni, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Budurwar Zuciya* a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da *In Da So Da Ƙauna* a farkon shekarun 1990, su biyun suna cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Littattafan kan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana saye, ana haya, ana aro, masu karatu kuma suna rubuto wa marubuta wasiƙu.

Rukunonin nan dai suka bayyana. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Anacha, yana kuma sukar ingancinsu. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka mayar da martani a jaridu a cikin shekarun 1990. Iyaye da malamai suka zarge su da kwaikwayon finafinan Indiya da ɓata tarbiyya, masu kare su kuwa suka nuna cewa a cikinsu ne ake tattauna auren dole da karatun 'ya mace da zaman kishi, kuma su ne suka riƙe mata da yawa a kan karatu bayan barin makaranta. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata.

Bambancin shi ne jarumin labarin Kano na wancan lokaci galibi ɗan attajiri ne ko talaka mai nagarta, watau ya fi kusa da duniyar Pamela, inda tazarar ta dukiya ce da asali. Taurari irin na Sinatra sun zo ne daga baya tare da finafinan Hausa. Ƙonawar kuwa ba ta kashe labarin ba. Ya sauya masauki ne, domin a yau ana rubuta shi ana karantawa a WhatsApp da Facebook da shi kansa Wattpad, inda babu akwatin ɗaliba da za a bincika.

Naɗewa

Daga 1740 zuwa yau kayan aiki sun canja, daga takarda zuwa waya, jarumi kuma ya tashi daga mai filaye ya koma mai waƙa. Amma ƙashin bayan labarin bai canja ba: yarinyar da ba kowa ba, da namijin da duniya ke kallo, da alkawarin cewa ita zai zaɓa. Martanin masu karatu ma bai canja sosai ba, kuma daga gare shi ana iya fitar da darussa.

Masu tsoro suna da gaskiya a wuri ɗaya. Labarin mugun da haƙurin mace ke gyarawa tsohon labari ne, kuma a rayuwa sau da yawa ba haka yake ƙarewa ba. So hana ganin laifi ne, littafin da ya ƙara wa makanta ado kuwa ya cancanci a tuhume shi. Haka nan haƙƙin mutum mai rai a kan sunansa tambaya ce ta gaske, wadda intanet ya ƙara wa nauyi.

Inda suka yi kuskure shi ne wajen auna mai karatu. Shaidar da tarihi ya bari, daga matan da Radway ta tambaya har zuwa 'yan matan da suka yi wa *After* bore, ta nuna cewa mafi kaifin suka yakan fito ne daga cikin masu karatun kansu, kuma ita ce sukar da ta taɓa canza littafi. Haramcin coci bai hana a karanta *Pamela* ba, rufe ƙofa bai hana a sayi *Glenarvon* ba, wutar 2007 ma ba ta hana a rubuta labarin soyayya da Hausa ba.

Saboda haka aikin da ya rage wa malami da jami'in ilmi shi ne wanda ya fi wuya, watau ya karanta abin da ɗalibansa ke karantawa, ya shigo da shi aji, ya tambaye su: me wannan saurayi ya aikata a wannan babi, kuma da a ce ƙanwarki aka yi wa, me za ki kira shi? Yarinyar da aka koya wa yin irin wannan tambaya ta sami makamin da za ta riƙe a gaban kowane littafi, har da waɗanda babu wata hukuma da za ta taɓa gani.